Farautar Japanancin da ya ɓuya a cikin manhaja

Ɗalibin ƙasar waje a Japan yana iya samun izinin aiki na sa'o'i 28 a mako. Nawa sa'o'in a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Fukuoka nake cinye su. Kamfanin ya samu kwastoma a Singafo, don haka dole manhajar ta koma Turanci. Matsalar ita ce, shekara da shekaru masu rubuta kod suna cusa saƙonnin Japananci kai tsaye a cikinsa. Aka ce in zaƙulo su duka, a mayar da su fayil ɗin fassara.

Bin dubban layuka da ido ba zai yiwu ba. Abin da ya cece ni shi ne Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa. Hiragana tana tsakanin U+3040 da U+309F, katakana daga U+30A0 zuwa U+30FF, yawancin kanji kuma daga U+4E00 zuwa U+9FFF. Na ba grep, manhajar binciken rubutu, waɗannan iyakoki, ya jero min layukan. Na ware bayanan da masu kod ke bar wa junansu, tunda kwastoma ba ya ganinsu, na miƙa sauran ga mai fassara. Na ce wa shugabana an gama.

Ranar gwaji, wata abokiyar aiki ta shigar da kalmar sirri ba daidai ba da gangan. Sai ga gargaɗi da Japananci a allo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe saƙon yana cikin wani tsohon fayil da aka ajiye da Shift_JIS, tsarin da Japan ta daɗe tana amfani da shi kafin UTF-8 ya yaɗu. Ni kuwa da UTF-8 nake bincike, shi ya sa grep ya wuce fayil ɗin bai gane haruffansa ba. Muka juya tsofaffin fayilolin da iconv, na sake bincike, sai ga ƙarin saƙonni. Na kuma gano na manta da siraran katakana, waɗanda ke can wajen U+FF66 zuwa U+FF9F.

Mu Hausawa mun san wannan ciwo: sau nawa ƙ, ɗ da ɓ suka zama alamar tambaya a takardunmu? Yanzu kafin in fara kowane bincike, sai na duba tsarin da aka ajiye kowane fayil da shi, kuma ba na cewa an gama sai na ga saƙonnin kuskure a allo da idona.