Bidiyon Waya a Harkar Kasuwa: Abin da Muka Gani da Muka Gwada Manhajojin Naɗa da Tacewa a Kaladan

Duk wanda ya zauna da 'yan kasuwa a unguwar Kaladan da ke Tamale bayan sallar isha'i, zai lura cewa a yanzu ciniki ba ya tashi da tashin kasuwa. An rufe shaguna a Aboabo da babbar kasuwa, amma waya tana hannu. Wannan yana tura wa abokin cinikinsa na Paga bidiyon buhunan masara, wancan yana jiran na Sinkase ya turo masa na atamfa, wani kuma ya ƙura wa wayarsa ido yana kallon abin da aka ce masa shaidar biyan kuɗi ce.

Ba da daɗewa ba wannan ɗabi'a ta kafu. Tun lokacin da gwamnatin Ghana ta rufe iyakokin ƙasa a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ba a kuma buɗe na tudu ga matafiya ba sai a watan Maris na 2022, fatake da dama suka koyi sayen kayan da ba su taɓa da hannu ba. Rikicin Bawku da ya sake tashi tun ƙarshen 2021 shi ma ya sa mutane da yawa suka rage bin wannan hanya. Ta haka bidiyo ya zama ɗan aike, ya zama talla, wani lokaci kuma ya zama shaida idan rigima ta taso.

Wannan ne ya sa muka ɗauki wasu 'yan kwanaki muna gwada manhajojin da aka fi samu a wayoyin 'yan kasuwa, wato masu naɗar abin da ke gudana a allon waya, da masu yanka bidiyo da gyara shi. Mun yi amfani da wata tsohuwar Tecno da Infinix, da kuma iPhone da muka ara, sa'annan wani mai sayar da rigunan fugu, waɗanda wasu ke kira batakari, ya ba mu aron kayansa da bencin ƙofar gidansa. Mu mutanen rediyo ne, da kaset muka fara aiki kafin a kawo mana Cool Edit da Audacity a kwamfuta, don haka mun daɗe da sanin cewa wanda ke riƙe da almakashi yana iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Da wannan ido muka dubi waɗannan manhajoji.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne, da yawa daga cikin waɗanda muka zauna da su ba su san cewa wayarsu ta zo da abin naɗar allo a cikinta ba. Kamfanin Apple ya sa shi a iPhone tun 2017, Android kuma ta zo da nata a zubi na 11 da ya fito a 2020. Mutum zai ja saman allon zuwa ƙasa ne kawai, inda alamar tocila da ta data suke, sai ya ga alamar naɗa. Ba ta da talla, ba ta cin wuri, kuma ga ɗan kasuwar da buƙatarsa ita ce ya naɗi jerin farashi ko ya nuna wa yaronsa yadda ake yin wani abu a waya, ta wadatar.

Mai tsohuwar waya ne zai buƙaci sauke irin su XRecorder ko AZ Screen Recorder. Dukkansu suna aiki, suna kuma ɗora wani ɗan maɓalli mai yawo a gefen allo wanda ake dannawa a fara ko a tsaya. Abin da ya gundure mu da su shi ne talla, domin sai ka gama naɗa kana sauri ka tura, sai tallar wani wasa ta tare maka hanya. Mun kuma lura cewa idan aka buɗe manhajar banki ana cikin naɗa, sau da yawa baƙin allo kawai ake samu. Wannan ba lalacewar waya ba ce, bankunan ne suka toshe da gangan. Haka nan wanda yake son ya naɗi kiran WhatsApp don ya riƙe maganar abokin ciniki, galibi zai tarar hoto ya fito amma muryar wancan ɓangaren ba ta shiga ba.

Sai dai akwai wani haɗari da muke roƙon mai karatu ya tsaya a kansa. Al'ada ta fara yaɗuwa ta cewa idan mutum zai tura kuɗi ta MoMo, sai ya kunna naɗa tun daga danna *170# har zuwa ƙarshe, domin ya nuna wa mai kaya cewa lallai ya biya. To, a wannan ɗan akwatin da ake rubuta lambobi, lambar sirri tana fitowa ne ƙuru-ƙuru kamar kowace lamba. Mun gwada a Tecno, muka sake kallon bidiyon, sai ga lambobi huɗun nan a fili. Wanda ya tura irin wannan bidiyo zuwa Paga ko Hamile, ya haɗa da makullin asusunsa ke nan, kuma bai san hannu nawa bidiyon zai bi ba. Bugu da ƙari, duk saƙon da ya faɗo a saman allo ana cikin naɗa yana shiga, ko na iyali ne ko na lambar tabbatarwa daga banki.

A ɓangaren tace bidiyo, CapCut ce ta fi suna, ta kamfanin ByteDance mai TikTok. Gaskiya tana da daɗin hannu. Cikin ɗan lokaci muka yanke farkon bidiyon inda hannu ke rawa, muka ɗora murya, muka rubuta farashi. Takan liƙa ɗan guntun tambarinta a ƙarshe, amma ana iya goge shi. Matsalarta biyu ce a wurinmu. Tana da nauyi, har tsohuwar Tecno ɗin nan ta riƙa ɗaukar zafi tana jan ƙafa, sa'annan abubuwa da dama da ke burge mutum suna ɗauke da alamar Pro, wato sai an biya kuɗin wata-wata, kuma wani lokaci ba za ka ankara ba sai ka gama aiki ka zo fitar da bidiyon. A watan Yuni na 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce kan sharuɗɗanta da ta sabunta, waɗanda suka ba kamfanin dama mai faɗi a kan abin da mutum ya ɗora a rumbunsu. Saboda haka mu dai ba za mu ajiye takardun abokan ciniki a can ba.

InShot ta fi sauƙi, ita ce kuma mai rigunan ya gane da wuri ba tare da an riƙe masa hannu ba. Tambarinta yana fita idan ka yarda ka kalli talla ɗaya. KineMaster ta mutanen Koriya ta Kudu ta daɗe a hannun matasa masu haɗa bidiyon biki, tana da ƙarfi, amma tambarinta na zaune a kusurwa sai ka biya, kuma maɓallanta sun yi wa ɗan kasuwa yawa. VN ba ta liƙa tambari a jikin bidiyo, mun kuwa yaba da ita. Akwai OBS Studio ta kwamfuta, kyauta ce, amma wannan ta masu situdiyo ce, ba mu ga abin da mai shago a Kulungugu zai yi da ita ba.

Wata gargaɗi a nan: akwai yara masu tura wa mutane kwafin waɗannan manhajoji ta Xender, suna cewa an cire musu tambari da biyan kuɗi. Ba daga kamfanin suka fito ba, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma wayar da za a sa su ita ce dai wayar da kuɗin jari ke ciki.

Inda muka fi daɗewa shi ne batun launi. Kowace daga cikin manhajojin nan tana da abin da ake kira filta, wanda ke ƙara wa hoto haske da armashi. Mun shimfiɗa wata fugu saƙar Daboya, mai shuɗin baba mai duhu, muka ɗauke ta, muka ɗora filta guda. Nan take shuɗin ya koma wani mai walƙiya, farin zaren ya yi tas kamar an wanke shi da bula. Ta yi kyau ƙwarai, amma ba ita ce rigar da ke kan benci ba. Mai kayan ya shaida mana cewa ya taɓa yin irin wannan, ɗansa ya gyara masa bidiyo, wani ya yi odar riguna daga bakin iyaka, da kaya suka isa sai ya ce ba launin da ya gani ba ke nan, ya maido su, kuɗin mota zuwa da dawowa ya hau kansa, cinikin da ke tsakaninsu kuma ya yi sanyi tun daga ranar. Abin da ya shafi riga ya shafi atamfa, ya shafi man kaɗanya da ake duba fari ko rawayarsa, ya shafi albasa da tumatir. A ganinmu, mai sayar da kayan da ake saye da ido bai kamata ya taɓa filta ba ko kaɗan. Ya ɗauki bidiyo a inuwa da safe ko da la'asar, ya juya kayan gaba da baya, idan akwai tabo ya nuna. Haka ma kiɗan da wasu shirye-shiryen CapCut ke ɗorawa da kansu, gara a cire shi, domin abokin ciniki muryar mai kaya yake son ji.

Amfanin da muka ga ya fi kowane girma shi ne rubuta farashi a jikin bidiyo. Kowa ya san yadda lissafi ke rikicewa a bakin iyaka. Tun 2007 aka sauya kuɗin Ghana, aka cire sifiri huɗu, amma har gobe akwai dattawan da idan suka ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. A ɓangaren sefa kuma ana ƙirga da dala, wato sefa 5, mutumin Nijar kuma idan ya ce jaka yana nufin sefa 1,000. Saƙon murya yana iya jawo gardama a kan wannan, amma idan aka rubuta lamba da sunan kuɗin da ranar a kan bidiyon, magana ta ƙare. Sai dai mai rubuta Hausa ya kula, yawancin salon rubutun ƙawa da ke cikin manhajojin ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai ka rubuta ƙwai ko kaɗanya ka ga ɗan akwati ya fito a madadin harafin. Salon rubutu na asali ya fi karɓarsu.

Game da data, minti ɗaya na bidiyo mai lamba 1080 yakan kai kusan megabait 100 ko fiye, alhali 720 ya isa a ga kaya sarai a allon waya. WhatsApp yana matse bidiyo da kansa, shi ya sa zanen atamfa kan dushe idan ya isa. Tun 2023 akwai alamar HD da ake dannawa kafin a tura, ko kuma a tura shi a matsayin takarda, ya isa yadda yake.

A daren ƙarshe muka yi gwajin da ya fi tayar mana da hankali. Ɗaya daga cikinmu ya tura wa ɗan'uwansa sidi 20, ya naɗi saƙon da ya shigo, muka buɗe shi a ɗaya daga cikin manhajojin nan. Kafin mai shayi ya gama haɗa mana, matashin da ke taimaka mana ya rufe lambar da ɗan fenti mai launin allon, ya ɗora wata, sai ga sidi 2,000, da sunan mai karɓa da lokaci da komai daidai. Muka miƙa wa mutum uku da ke wurin, dukkansu tsofaffin 'yan kasuwa, babu wanda ya gano. Mutane sun riga sun san ana yin jabun hoton rasit, shi ya sa wasu suka koma cewa a turo musu bidiyo, suna ganin abin da ke motsi ba ya ƙarya. Mun goge wannan bidiyo a gaban kowa, amma abin da yaro ɗaya ya yi a kan benci a Kaladan, ɗan damfara zai yi wanda ya fi shi.

Don haka duk wanda aka turo wa bidiyo ko hoton biya, kada ya ɗora kaya a mota sai ya danna *170# da hannunsa idan MTN ce, ko *110# idan Telecel ce, ya ga kuɗin a asusunsa. Saƙon da ya shigo ma kada ya ishe shi, domin 'yan damfara sun daɗe suna kwaikwayonsa. Idan kuma ta hannun ɗan canji kuɗin suka bi, kamar yadda aka saba idan sefa ce daga Sinkase ko Bittou, to a kira ɗan canjin a lambar da aka san shi da ita, a ji daga bakinsa.

Da muka zo tafiya, mai rigunan ya ce a goge masa duka sauran saboda wayarsa ta cika. InShot kawai ya bari, da abin naɗar da wayar ta zo da shi, sa'annan ya sauya lambar sirrinsa a nan take, domin ya tuna ya taɓa tura irin wancan bidiyo na biyan kuɗi har sau biyu.