Ciwon da Ke Ɗauke Gani da Ƙafa: Ba Jifa Ba Ne

Daga kasuwar Tawa har zuwa Keita da Tabalak, idan mace ta kwana lafiya ta wayi gari idonta ɗaya na ciwo, gani ya dushe, ko ƙafafu suka mutu, fitsari ya tsaya, sai mu ce jifa ne ko iska. Alhali akwai ciwon da likitoci suka sani mai irin waɗannan alamu. Wani likitan Faransa, Eugène Devic, ya bayyana shi tun 1894, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba.

Mu ɗauki ƙwaƙwalwa da laka kamar kasuwa. Jijiyoyi su ne masu tebur. Kewaye da su akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, su ne ƴan ga-ruwa: suna daidaita ruwa, suna ciyar da jijiyoyi, suna taimakawa wajen tsare katangar da ta raba jini da ƙwaƙwalwa. A cikin jini kuma akwai dakarun garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu kama ɓarawo.

Matsalar tana farawa ne ranar da mai gadi ya ɗauki ɗan gida a matsayin ɓarawo. Ƙwayoyin T su ƙetare katanga, su saki sinadaran da ke tunzura ƴan ga-ruwan, su kuma su kira ƙarin dakaru, kumburi ya tashi. Haka nan suna taimaka wa ƙwayoyin B su ƙera makamin da ke sukar ƙofar ruwan ƙwayoyin tauraro. A 2004 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka gano wannan makami, shi ya sa yau ake iya nemansa da gwajin jini. Idan ƴan ga-ruwa suka faɗi, jijiyar ido da laka su ma sai su lalace.

To, ina mafita? Gaggawa. Akwai allurar kwantar da kumburi da ake yi ta jijiya kwana uku zuwa biyar, kuma ta fi amfani a kwanakin farko. Ciwon yakan dawo, kowace dawowa tana iya barin tabo, don haka ake ci gaba da shan maganin hana shi.

Ƴan uwa, idan muka ga waɗannan alamu, ko shaƙuwa da amai da suka ƙi tsayawa kwana da kwanaki, mu rufe tebur mu nufi babban asibitin jihar Tawa. Idan an tura mu Yamai ɗaukar hoton laka, kada mu ja ƙafa. Cinikin yini ɗaya ana ramawa, ido kuwa babu na sayarwa a kasuwa.