Hannun dala miliyan 245: yadda raunin Strasburg ya wargaza zakarun besbol na Washington

A daren 30 ga Oktoban 2019, ƙungiyar Washington Nationals ta doke Houston Astros a wasa na bakwai, ta ɗaga kofin World Series, wanda shi ne kambu mafi girma a gasar besbol ta Amurka. Wannan ne karon farko a tarihinta. Shekara uku bayan haka, ƙungiyar ta sha kashi sau 107 cikin wasanni 162, ta ƙare a ƙasan kowa. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma duk wanda ya bi labarin sai ya dawo kan hannun daman mutum ɗaya, Stephen Strasburg.

Ga mai karatun da ya fi sabawa da ƙwallon ƙafa, ya kamata a fara da matsayin majefi. A besbol, shi ne yake jefa ƙwallo ga mai riƙe da sanda, kuma kowane motsi a fili daga hannunsa yake farawa. Wasa yana da zagaye tara. Ƙungiya takan riƙe manyan majefa biyar da ke karɓa-karɓa, kowanne ya huta kwana huɗu kafin ya sake fitowa, domin jifa da gudun da ya kai kilomita 150 a awa yana cinye gwiwar hannu da kafaɗa. Idan babban majefi ya kwanta, sauran ne ke ɗaukar nauyinsa tsawon wata shida na kaka.

Yaron da aka yi wa tanadi

Washington ta ɗauki Strasburg a matsayin zaɓi na farko cikin sababbin ƴan wasa a 2009, da kwantiragin dala miliyan 15.1. A wasansa na farko, ranar 8 ga Yunin 2010, ya fitar da masu bugu 14 na Pittsburgh. Kafin ƙarshen Agustan shekarar, jijiyar da ke riƙe gwiwar hannunsa ta tsinke.

Aka yi masa tiyatar da ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Ana ciro wata jijiya daga wani sashe na jiki, galibi daga hannu, a dasa ta a madadin wadda ta tsinke. Jinyar takan ɗauki shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi.

A 2012 ƙungiyar ta yanke shawarar da har yau ake muhawara a kanta. Tana kan gaba a gasa, ta ci wasa 98, amma shugaban gudanarwarta Mike Rizzo ya dakatar da Strasburg a watan Satumba bayan ya jefa zagaye 159, don kada a lalata hannun da aka gyara. Ba shi cikin tawagar da ta shiga wasannin kifa-ɗaya-ƙwala. St. Louis ta fitar da Washington a wasa na biyar, bayan Washington ta fara jan ragama da ci 6 da nema. Magoya baya suka yi ta ƙorafi cewa an zubar da kofi saboda tsoro.

Shekara bakwai aka jira kafin haƙurin ya biya. A 2019 ƙungiyar ta fara kaka da nasara 19 da rashin nasara 31, sannan ta farfaɗo. Strasburg ya ci wasa biyar ba tare da an doke shi ba a zagayen ƙarshe, aka kuma zaɓe shi gwarzon World Series.

Zaɓi tsakanin mutum biyu

Murna ba ta gama lafawa ba sai ga lissafi. Kwantiragin manyan taurari biyu ya zo ƙarshe lokaci guda: Strasburg da Anthony Rendon, ɗaya daga cikin fitattun masu bugun ƙungiyar. Mai ƙungiyar, Mark Lerner, ya fito fili ya ce ɗaya kawai za su iya riƙewa. A Disambar 2019 suka ba Strasburg dala miliyan 245 na shekara bakwai, wato sama da miliyar 140 na kuɗin sefa a canjin lokacin. Rendon ya koma Los Angeles Angels a kan daidai wannan kuɗi.

Abin da ya biyo baya gajere ne. A 2020 Strasburg ya fito sau biyu, aka yi masa tiyata a wuyan hannu saboda matsalar jijiya. A 2021 ya fito sau biyar, sannan likitoci suka gano cewa jijiyoyin da ke bi tsakanin wuya da kafaɗa suna matsewa. A tiyatar watan Yuli aka cire masa haƙarƙari ɗaya da tsoka biyu na wuya. Ya dawo ranar 9 ga Yunin 2022 a Miami, kuma daga wannan wasa bai sake jefa ƙwallo a gasar ba. Jimilla, wasa takwas, zagaye 31 da ɗan ɗoriya, nasara ɗaya. An tabbatar da ritayarsa a Afrilun 2024.

A gasar besbol ta Amurka, kwantiragi irin wannan ana biyan sa ko ɗan wasa yana fili ko yana gadon asibiti. Jaridar Washington Post ta ruwaito cewa ƙungiyar ba ta yi wa kwantiragin inshora ba. Ke nan dala miliyan 35 a kowace shekara sun ɗauru a kan wanda ba ya iya wasa, kuma da wannan kuɗin ne ya kamata a nemo magajinsa.

Sayar da gida ɗaki-ɗaki

Kwana kaɗan bayan sanar da tiyatar 2021, shugabannin suka amince cewa tawagar ba za ta iya takarar kofi ba. Ranar 30 ga Yuli suka miƙa Max Scherzer da Trea Turner ga Los Angeles Dodgers, suka karɓi matasa. A bazarar 2022 Juan Soto, matashin da ake ganin shi ne makomar ƙungiyar, ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15. Ranar 2 ga Agusta aka tura shi San Diego Padres. Cikin shekara uku, kusan duk manyan sunayen da suka ɗaga kofi sun watse.

Adalci ne a ce ba Strasburg kaɗai ne silar ba. Patrick Corbin, wani majefin da aka ba dala miliyan 140, lafiyarsa ƙalau amma wasansa ya lalace bayan 2019. Makarantar renon matasan ƙungiyar ma ta daɗe ba ta fitar da isassun ƴan wasa ba. Sai dai raunin Strasburg ne ya haɗa asarar gwani da asarar kuɗi a lokaci guda, shi ya sa babu inda za a juya.

Da sun zaɓi Rendon fa? Shi ma rauni ya addabe shi a Angels, inda bai taɓa buga wasa 60 a kaka ɗaya ba. Duk ƙofar da Washington ta bi a Disambar 2019, asara na jiran ta. Wannan ne ya sa masu nazarin wasan ke ɗari-ɗari da dogon kwantiragi ga ɗan wasan da ya haura shekara 30, musamman majefin da aka taɓa yi wa aiki a hannu. Strasburg yana da shekara 31 lokacin da ya sa hannu.

Cinikin Soto ya kawo ɗan sauƙi. Daga cikin matasan da aka karɓo, CJ Abrams ya shiga wasan taurarin gasar a 2024, James Wood da MacKenzie Gore kuma suka shiga a 2025. Amma nasara ba ta biyo ba: a 2023 da 2024 ƙungiyar ta ci wasa 71 kacal a kowace kaka. Ranar 6 ga Yulin 2025 masu ƙungiyar suka sallami Mike Rizzo, mutumin da ya dakatar da Strasburg a 2012 kuma ya ba shi kwantiragin 2019, tare da koci Dave Martinez wanda ya ci musu kofin.