Muhimmancin Sake Duba Abin da Muka Saba: Darasi Daga Manoman Maraɗi

Sau da yawa mukan riƙe wani ra'ayi don kawai mun taso mun tarar da shi, ba tare da mun taɓa gwada shi ba. Hausawa kuwa sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ya faru a gonakin Maraɗi da Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, ya isa misali.

An daɗe ana ɗauka cewa manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ya share gonarsa ƙal. Ma'aikatan gandun daji kuma sun yi imani cewa maganin hamada shi ne dasa sababbin itatuwa da cin tarar duk wanda ya sare itace. Sai dai yawancin dashen yakan mutu da rani, iska kuma ta ci gaba da kwashe ƙasar noma tana binne shuka.

A shekarar 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Idan aka bar rassa kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, sukan zama itace cikin 'yan shekaru. Da farko an yi wa waɗanda suka gwada dariya, amma bayan farin 1984 manoma da yawa suka shiga wannan aiki da ake kira sassaben zamani.

Sun ga cewa itatuwan suna kare shuka daga iska, suna samar da itacen girki da abincin dabbobi. Gawo kuwa yakan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Hukumomi su ma sun sake tunani, suka bar manomi ya mori itacen da ya raina. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 ta wannan hanya.

Wannan ba ya nufin a karɓi kowane sabon abu ido rufe. Tsohon ra'ayi da sabo duka a gwada su. Saboda haka muna kira ga manoma da su ware wani sashe na gona su jarraba, sannan su kwatanta amfanin da kaka. Muna kuma kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da malaman gona da su riƙa sauraren manoma kafin yanke hukunci, su kuma sauya tsari idan hujja ta nuna bai yi aiki ba.