Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Kare Muhalli

Idan ruwan rafin garinku ya gurɓace, jami'an gwamnati suka zo suka ɗebi ruwan domin gwaji, wa yake da ikon ganin sakamakon? Kai ma kana da wannan iko. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ce ta ba ka. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a ranar 28 ga Mayu, 2011.

Hanyar ba ta da wuya. Za ka rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar da take riƙe da takardun, ka faɗi abin da kake so dalla-dalla: wace takarda, ta wane wuri, ta wace shekara. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema masa. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa, kuma tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa. Kuɗin kwafe takardu kawai za ka biya.

Ƙungiyoyin kare muhalli suna iya amfana da wannan doka ƙwarai. A yankin Neja Delta, inda ɗanyen mai yake malala cikin gonaki da koguna, hukumar NOSDRA ce take lura da malalar mai. Masunci ko manomi yana iya neman rahoton binciken da aka yi a yankinsa, domin da wuya a biya mutum diyya ba tare da shaida ba.

Akwai bayanan da hukuma za ta iya hanawa, kamar na tsaron ƙasa da sirrin kasuwancin kamfani. Amma dokar ba ta yarda a fake da sirrin kasuwanci a ɓoye sakamakon gwajin muhalli da hukuma ta yi ba. A ganina wannan shi ne sashen da ya fi amfani ga talaka.

Sau da yawa hukumomi kan yi shiru, kuma doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙin bayarwa. Kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, saboda haka ka adana kwafin wasiƙarka mai hatimi da kwanan wata. Idan kotu ta tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce.