Amsar Wasiƙunku: Shin Nas Tana da Ikon Tona Asirin Mai Jinyar Shan Ƙwaya?

 

A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri ɗaya, don kuwa duk maganarsu guda ce. Ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Ruma ta Ƙaramar Hukumar Batsari. Ya ce ɗansa ya faɗa shan ƙwaya, yana son kai shi asibiti, amma yana tsoron kafin su dawo gida labari ya riga su isa kasuwa. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Runka ta Ƙaramar Hukumar Safana. Ta ce ana neman auren 'yarta, ta je wajen wata nas da suka saba don ta ji ko gaskiya ne yaron ya taɓa jinyar ƙwaya, nas ta ƙi gaya mata komai. Shin wannan ba wulaƙanci ba ne? Ta uku kuwa wani ɗan kasuwa ne ya rubuto, ya ce wani malamin asibiti ya yi hira da zancen ƙanensa a majalisa, yana tambaya ina zai kai kuka.

To madalla, mun gode. Amsar a taƙaice ita ce: sirrin majinyaci amana ce, kuma amanar da doka ta tsaya mata. Nas ɗin da ta kama bakinta aikinta ta yi. Wanda ya saki baki kuwa ya yi laifin da zai iya raba shi da aikinsa. Bari mu bi abin daki-daki.

Me ya sa maganar ta yi nauyi?

Ku sani wannan ciwo ba na gida ɗaya ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha ƙwaya ko wani kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu suna nan Arewa maso Yamma, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayun 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da yake yi.

Da yawa ba don shashanci suka fara ba. Ɗan ƙwadago ne ake ba tiramol don ya yi noma tun safe har la'asar bai gaji ba, ko ɗan acaɓa, ko ɗan dako a kasuwa. Ƙarfin da hukumar NAFDAC ta yarda da shi miligiram 50 ne da 100, shi ma sai likita ya rubuta, alhali na bayan fage yakan kai 225. Idan jiki ya saba, ranar da aka bari sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci su taso. Idan kuma aka sha da yawa yakan kawo farfaɗiya. Shi ya sa barinta yake bukatar likita da nas.

To amma wa zai kai kansa inda za a tona masa asiri? A garuruwanmu kowa ya san kowa. Da zarar an ce wane ɗan ƙwaya ne, aure ya lalace, mai ba shi kaya bashi ya janye, mai gona ya daina kiransa aiki. Daɗin daɗawa, a yankin da ya sha wahalar 'yan bindiga irin namu na gefen Dajin Rugu, wannan suna kaɗai ya isa a fara yi wa yaro kallon mai kai rahoto daji, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kun ga ke nan sakin baki a nan ya wuce abin kunya, yana iya zama maganar rai.

Idan mutane suka guji asibiti kuma, kun san inda suke nufa. Ba ku manta ba, a watan Oktoban 2019 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari a Daura, da sarƙa a ƙafafunsu. Iyayen da suka kai su gyara suka nema, ba azaba ba.

Amurka ta gano haka tuntuni. Tun 1975 take da ƙa'ida ta musamman da ta tsananta tsare bayanan masu jinyar maye, bayan an lura tsoron kamu da tonon silili ke hana mutane neman magani.

Abin da doka ta ce

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi majinyaci sirri ne: ciwonsa, maganin da ake ba shi, har ma kwanciyarsa a asibiti. Ku lura da wannan na ƙarshe. Ko cewa "e, ya taɓa kwanciya a nan" tona asiri ne. Dokar ta ba da ƙofa biyar kacal da za a iya faɗa:

Ta ɗaya, idan majinyacin da kansa ya yarda a rubuce. Ta biyu, idan kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta. Ta uku, idan ƙaramin yaro ne, mahaifi ko mai riƙonsa ya nema. Ta huɗu, idan majinyacin ba ya cikin halin da zai iya ba da izini, waliyyinsa ko wakilinsa ya nema. Ta biyar, idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Su ma'aikatan da ke kula da shi, wato likita da nas da mai ba da magani, suna iya tattauna ciwonsa a tsakaninsu gwargwadon bukatar jinya. Amma ma'aikacin da ba shi da hannu a jinyar ba shi da hurumin leƙa fayil. Sashe na 29 ya ce wanda ya buɗe fayil, ko ya kwafa, ko ya canza wani abu a ciki ba da izini ba, idan kotu ta same shi da laifi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Bugu da ƙari, sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na a rufa masa asiri, a kuma mutunta shi.

Saboda haka malam mai wasiƙa daga Ruma, idan ɗanka bai kai shekara 18 ba, kana da haƙƙin a yi maka bayani. Idan kuwa baligi ne mai hankalinsa, ku zauna da shi tun a gida ya yarda, sa'an nan ya gaya wa likita cewa ya amince a riƙa sanar da kai, a rubuta ya sa hannu ko ya dangwala. Ban da kai, babu maƙwabci, babu aboki, babu maigidansa na kasuwa da za a gaya wa.

Ke kuma hajiya mai wasiƙa daga Runka, ki yi haƙuri, ba wulaƙanci aka yi miki ba. Binciken aure abu ne mai kyau, kuma haƙƙinku ne, amma asibiti ba wurinsa ba ne. Ku tambayi yaron da magabatansa kai tsaye. Idan kuna son shaidar likita, shi yaron ne zai je da ƙafarsa ya nema ya kawo muku. Ki tuna bakin da ya ƙi gaya miki sirrin ɗan wani, shi ne gobe zai ƙi gaya wa wani sirrin 'yarki.

Horon da ke kan nas

Aikin jinya ba a yinsa da ka. Akwai Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979. Ita ke yi wa nas rajista, ita ke ba da lasin, kuma tana da kotun ladabtarwa ta kanta. Idan laifi ya tabbata tana iya jan kunne, ko dakatarwa na wani lokaci, ko ta soke sunan mutum daga rajista. Wanda aka soke sunansa ba shi da ikon yin aikin jinya a ko'ina cikin ƙasar nan.

A wurin aiki ma akwai matakai. Ana fara ba ma'aikaci takardar neman bahasi ya kare kansa a rubuce. Idan bai gamsar ba a kai shi gaban kwamiti, daga nan sai gargaɗi, ko dakatarwa, ko rage matsayi, ko sallama, gwargwadon girman laifin.

Ba sakin baki kaɗai ne laifi ba. Ɗaukar hoton majinyaci da waya a tura a WhatsApp ko Facebook laifi ne, ko da an ce don wa'azi aka yi. Kiran majinyaci da "ɗan ƙwaya" a gaban layi, ko zaginsa, ko dukansa, duk laifi ne. Karɓar kuɗi don a shigo masa da abin da aka kawo shi ya bari babban laifi ne. Magunguna masu ƙarfi, irin allurar kashe zafin ciwo, a kabad mai makulli ake ajiye su, da littafi na musamman. Duk wadda aka fitar sai an rubuta sunan wanda aka yi wa, kuma a lokacin miƙa aiki mai tashi da mai karɓa su ƙirga tare. Dalili shi ne ma'aikacin ma ɗan Adam ne, shi ma yana iya faɗawa tarkon. Idan haka ta faru a janye shi daga wajen magani don kare majinyata, a bincike shi, shi ma a yi masa jinya cikin rufin asiri.

Ina za a kai kuka?

Malam ɗan kasuwa, sashe na 30 na Dokar 2014 ya ba kowa damar kai ƙara kan yadda aka yi masa a asibiti, ya kuma ce a bincika. Ka fara da ƙanen naka, don shi aka yi wa laifi, kada garin neman haƙƙi a ƙara watsa zancen. Idan ya yarda, ku rubuta takarda: ranar da abin ya faru, wurin, abin da aka faɗa, da waɗanda suka ji. Ku kai wa shugaban asibitin ko shugabar nas-nas, ku riƙe kwafi. Idan ƙaramin asibiti ne, ku kai sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Idan ba a yi komai ba ku wuce Ma'aikatar Lafiya ta Jiha a Katsina, in kuwa nas ne mai rajista ku aika wa majalisar da muka ambata. Ban da cin mutunci, ban da tara masa jama'a. Ku kuma tabbata daga bakinsa maganar ta fito, don sau da yawa ɗan rakiya ne ko wanda aka haɗu da shi a layin karɓar kati ke kai labari gari.

Namu rabon

Wannan ya kawo mu kan kanmu. Nas ɗin da ke aiki a Batsari ko Safana ko Dutsin-Ma 'yar wani gida ce, tana da kawu da gwaggo da surukai. Mu ne ke tare ta a gidan biki muna cewa, "Ke 'yar nan, me ya kawo ɗan gidan wane wajenku?" Idan ta yi shiru mu ce ta yi boko ta raina manya. Jama'a, mu daina. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Addininmu ma rufa asirin ɗan'uwa ya hore mu da shi.

Mai son kai nasa jinya ya fara da asibiti mafi kusa, ya nemi ganin likita a keɓe, ya faɗi gaskiyar abin da ake sha da yawansa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, ko Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Wanda yake ganin a garinsu idanu sun yi yawa, yana da damar zuwa asibitin wani gari. A rage 'yan rakiya, mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana sun isa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, kuma wanda bai son a ambaci sunansa ba za mu ambata ba.