Darasin Sauyin Yanayi da Ke Bin Yara Gida

A 'yan shekarun nan darasin sauyin yanayi ya sauko daga jami'a zuwa azuzuwan 'yan ƙaramar sakandare. Italiya ta shigar da shi cikin darasin tarbiyyar ɗan ƙasa na dole a 2020, jihar New Jersey ta Amurka kuma ta fara koyar da shi a kowane aji na makarantun gwamnati a 2022. Dalilin da aka fi faɗa shi ne yaran nan ne za su rayu da zafi da ambaliyar da ke tafe. Akwai kuma wani dalilin da na ga ya fi nauyi. A Amurka maganar ta koma ta jam'iyya, babba ya riga ya ɗauki ɓangare har hujja ba ta cika motsa shi ba, ɗan shekara 12 kuwa bai sa rigar kowa ba tukuna.

An gwada ko yaran za su iya motsa ra'ayin iyayensu a gaɓar tekun jihar Karolina ta Arewa, yankin da mahaukaciyar guguwar Florence ta ɗaiɗaita a 2018. Binciken da Danielle Lawson da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya bi ɗalibai 238 'yan shekara 10 zuwa 14 da iyaye 292. Cikin aikin da aka bai wa yaran har da zama da mutanen gida su tambaye su irin canjin da suka gani a yanayin garinsu tsawon rayuwarsu. Damuwar iyayen game da lamarin ta ƙaru, kuma ta fi ƙaruwa a wajen iyaye maza da masu ra'ayin riƙau, wato waɗanda da farko suka fi nuna halin ko-in-kula. 'Ya'ya mata sun fi maza tasiri. A ganina sirrin yana cikin tambayar nan. Uban da zai kashe talabijin in ɗan siyasa ya fara magana, da wuya ya ƙi amsa wa 'yarsa da ta zauna gabansa riƙe da littafin rubutu tana jiran ya tuno ambaliyar ƙuruciyarsa. Da bakinsa yake kawo hujjar.

Wasu za su ce an mai da yara 'yan aiken aƙida. Ƙorafin zai yi ƙarfi da an tura su da amsa a baki, amma wanda aka tura ya tambaya ya bar wa uba damar musantawa. Abin da ya fi damuna shi ne batun tsoro. Wani bincike na 2021 kan matasa 10,000 'yan shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10, har da Najeriya, ya samu kashi 59 cikin 100 suna cikin matsananciyar damuwa kan sauyin yanayi. Ƙannensu ba za su fi su juriya ba. Wannan ya sa nauyin ya koma kan horar da malami, domin shi ne zai haɗa labarin narkewar ƙanƙara da aikin da yaro zai iya yi da hannunsa, kamar auna ruwan sama a harabar makaranta ko rainon dashen itatuwa har su kama.